Na Bar Taba Na Koma Sigarin Lantarki, Sai Bakina Ya Fashe

Tambaya: Malam, assalamu alaikum. Shekara tara ina shan taba. Watan jiya na daina, na sayi sigarin lantarkin nan da samari ke ce wa vape, irin wanda ake jefarwa in ya ƙare, mai ɗanɗanon kirfa. Ban rufa kwana goma ba sai gyambo ya fito min a cikin leɓe da gefen harshe, fari-fari da jan zobe. Ko tuwo ba na iya ci sai ina matse ido. Mai kemis ya ba ni kafso, na sha, shiru. Mai shago kuma ya ce in sayi mai tsada wanda ake ɗura wa ruwa. In saya, ko in koma wa tabata?
Direban tirela, daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka koma wa taba, kada kuma ka yi saurin zaro kuɗi. Mai shago hajarsa yake talla.

Abin da ba a cika gaya wa mutane ba shi ne, barin tabar kansa yana fasa baki. Hayaƙin taba yana sa fatar cikin baki ta yi kauri, kamar kantar hannun manomi. Da ka daina, sai fatar ta koma laushinta, abu kaɗan ya yi mata rauni. Wani bincike da aka yi a Ingila a 2004 a kan masu barin taba sama da 1,200 ya gano kusan mutum 4 cikin 10 sun yi irin wannan gyambon, galibi a makonni biyun farko, kuma na yawancinsu ya warke cikin wata guda. Kwana gomanka ya faɗa daidai wannan tsakanin. To ka ga, mai yiwuwa an bar jaki ne ana dukan taiki.

Amma ban wanke na'urar taka ba. Ruwan da ke cikinta haɗi ne na nikotin (sinadarin da ke sa mutum ya kamu da son taba), kayan ɗanɗano, da wasu sinadarai biyu da ake rubuta su PG da VG a jikin kwali. Shi PG mai zuƙe danshi ne. Yana busar da yawu, yawu kuwa shi ne mai gadin baki, shi ke wanke ƙwayoyin cuta yana jiƙa fata. Ka haɗa wannan da zaman mota, iska na dukanka ta taga, kana rage shan ruwa don kada fitsari ya tsayar da kai a hanya, balle in hunturu ya shigo.

Sai kirfar nan. Da a ce in zaɓi abu ɗaya da nake zargi a cikin wasiƙarka, ita ce. Sinadarin da ke ba kirfa ƙamshinta likitocin haƙori sun daɗe da saninsa da ƙona fatar baki, tun a cingam da makilin, kafin ma a san wani sigarin lantarki. Na'a-na'a mai sanyin nan ma takan yi wa wasu haka. Ka kuma juya kwalin ka duba ƙarfin nikotin. Da yawa daga cikin irin na jefarwa an rubuta musu 5%, wato miligiram 50 a kowane mililita, alhali dokar Ingila da Tarayyar Turai ba ta yarda a wuce 20 ba. Nikotin yana tsuke jijiyoyin jini, ciwo kuma ba ya saurin warkewa inda jini bai isa ba. In kuma ka taɓa jin ɗanɗanon ƙauri idan ruwan ya kusa ƙarewa, lagwanin ciki ne ya bushe yana ƙonewa; jefar da shi, kada ka ce sai ka ci kuɗinka.

Shawarata, ka ajiye shi mako biyu. In ƙishirwar nikotin ta dame ka, tambayi ma'aikacin lafiya game da filastar nikotin da ake mannawa a dantse, ita ba ta bi ta baki. In kuwa ba za ka iya ajiyewa ba, canza abu ɗaya tak: bar kirfar, ka nemi mai ƙarancin nikotin. Wanda ya canza komai a rana ɗaya ba zai san abin da ya yi masa magani ba. Kafson nan kuwa asarar kuɗi ce, irin wannan gyambon ba ya jin maganin kashe ƙwayoyin cuta.

Tambaya: Malam, maigidana ma haka yake fama. Wane ruwan kurkure baki zan saya masa? Surukata ta ce basir ne, a goga masa kanwa.
Uwargida, daga Maraɗi

Amsa: Hajiya, a gaishe da Inna, amma a bar kanwa a tukunyar wake, a kan ɗanyen ciwo ƙara cin naman za ta yi. Fara da abin da ke kicin ɗinki: rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwan ɗumi, ya kurkure ya tofar, sau uku ko huɗu a rana. In za ki saya, nemi mai sinadarin kulohekzidin (chlorhexidine, mai kashe ƙwayoyin cuta), ki guji mai barasa a ciki don yana ƙara bushewa da raɗaɗi. Kada ya wuce mako ɗaya zuwa biyu yana amfani da shi, yana sa haƙori ya yi duhu. Makilin kuma ki duba wanda babu SLS, sinadarin kumfa ne da ke tayar wa wasu da gyambo. A sassauta masa yaji, tsami da shayi mai tururi. In abin yana tafiya yana dawowa, a auna jininsa, don ƙarancin sinadarin ƙarfe ko bitamin B12 ma na kawo shi. In ƙurajen a wajen leɓe suke, masu ruwa-ruwa, wannan wata cuta ce daban mai yaɗuwa, ya daina karɓar sigarin abokai yana zuƙa.

Ku biyun kuma ku riƙe wannan lissafin: gyambon baki na yau da kullum yana warkewa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Wanda ya haura mako uku, ko ya yi tauri a gefe, ko yana jini, ko aka ji ƙullutu a wuya, a kai shi wurin likitan haƙori ya duba da idonsa, musamman ga wanda ya shekara da shekaru yana shan taba.