Amsar Wasiƙar Ƙanena Mai Son Digiri na Uku a Kan Diflomasiyyar Jama'a

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya iso ni tun makon jiya, tare da shafi huɗun da ka haɗo na tsarin bincikenka. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa, lokacin duba takardun jarrabawa ne a nan arewacin Ingila, ga rana tana faɗuwa tun ƙarfe huɗu, mutum ya dawo gida ba abin da yake so sai bargo.

Tambaya biyu ka yi mini. Ina fagen diflomasiyyar jama'a ya dosa, kuma ko taken da ka zaɓa, wato rawar da kafofin sada zumunta ke takawa wajen gyara sunan Amurka a Afirka, zai samar maka malamin da zai duba aikinka a nan. Bari in fara da ta biyun, don ita ce mai ɗaci. Da wuya. Ba don rubutunka bai yi ba, Turancinka ya fi nawa lokacin da na zo. Matsalar ita ce irin wannan take duk shekara sai ya zo teburin malamai daga ƙasashe barkatai, an canza sunan ƙasar kawai. Ni ma irinsa na fara aikowa, wani malami ya mayar mini da layi ɗaya tal, cewa bai ga abin da zan gaya masa wanda ɗalibinsa da ke zaune a Landan ba zai iya gaya masa ba. Na yi kwanaki ina jin haushinsa. Gaskiya ya faɗa.

Ka san dai asalin abin. Sunan ya kankama ne a 1965, lokacin da Edmund Gullion na makarantar Fletcher a Amurka ya nemi wata kalma mai tsabta da za ta maye gurbin farfaganda. Ni a Hausa nakan kira shi zawarcin jama'ar wata ƙasa: gwamnati ta tsallake takwararta, ta je kai tsaye wurin talakawanta tana neman su so ta. Amurka ta yi wa aikin hukuma guda daga 1953 har zuwa 1999 da aka narkar da ita cikin ma'aikatar harkokin waje. A 1990 Joseph Nye ya kawo batun ƙarfin jan hankali, cewa ƙasa tana iya samun biyan buƙata ba da bindiga ko kuɗi ba, sai don ana sha'awarta. Bayan harin 11 ga Satumba na 2001 kuma sai fagen ya cika ya batse, don Amurkawa sun rasa gane dalilin da ya sa ake ƙinsu. Daga nan aka yi ta rubutu a kan ofisoshin jakadanci da shafukansu na Twitter da Facebook har abin ya gundura.

Abin da nake so ka lura da shi shi ne, kusan duk wannan tarin rubutu a kan mai zawarcin yake. Me ya faɗa, nawa ya kashe, mutum nawa suka danna masa alamar so. Wadda ake zawarcin kuwa ba kasafai ake tambayarta ba. Nicholas Cull na Jami'ar Kudancin Kalifoniya ya kasa aikin gida biyar, ya sa saurare a farko, gaban kare manufa da al'adu da musayar ɗalibai da watsa shirye-shirye. Kowa na ambaton wannan jeri, amma masu binciken su kansu ba su cika saurare ba, saboda ba sa jin harsunan mutanen. To nan ne fagen ya dosa, dole ma, kuma nan ne kake da abin da ɗan Landan ba shi da shi. Da ɗan gari akan ci gari.

Tsaya ka ƙirga masu sallama a ƙofar Bahaushe. BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957. Jamus da Sin duk sun buɗe nasu a 1963. Muryar Amurka ta shigo a 1979, Faransa a 2007, Turkiyya ta kawo TRT Afrika a 2023. Ga Tehran, ga Alƙahira, Mosko ma ta yi nata zamanin a lokacin yaƙin cacar baki. Tashar Arewa24 da matanmu ba sa bari ta wuce su, da tallafin ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta fara a 2014. In ka koma baya, Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939, cikin dalilan kafa ta har da kashe jita-jitar cewa Turawan Ingila za su miƙa Nijeriya ga Jamus. Harsuna kaɗan ne a Afirka aka yi wa irin wannan rububi. Mu da muka tashi muna ganin tsofaffi sun kewaye rediyo a gindin bishiya, ana gama labaran Jamus na biyun rana a jira na Landan na takwas da rabin dare don a gwada wa ya yi ƙarya, ba mu ɗauki abin a bakin komai ba. Alhali wannan gwadawar da suke yi ita ce ainihin abin da littattafan fagen suka kasa bayyanawa. Baba yana yarda da labarin BBC ya kuma ƙi manufar Birtaniya a zama ɗaya, ba ya jin akwai saɓani. Ma'aunin da Turawa suke amfani da shi, na tambayar mutum ko yana kallon ƙasa kaza da idon rahama, ba ya kama wannan.

Batun ma'auni kuwa shi ne ciwon da ya daɗe yana damun fagen. Ta yaya za ka tabbatar cewa shirin rediyo ko tallafin karatu ne ya sauya ra'ayin mutum, ba farashin shinkafa ko abin da ya gani a Gaza ba? Galibi ba a iya rarrabewa. Amma shekarun nan sun buɗe wata ƙofa da ba a saba samu ba. A watan Maris na 2025 gwamnatin Trump ta dakatar da Muryar Amurka, sashen Hausa ya yi tsit bayan shekara arba'in da shida. Nijar ta rufe RFI da France 24 a watan Agustan 2023, ta kuma dakatar da BBC na wata uku a Disambar 2024. Mai bincike ba ya iya kashe tasha don ya ga me zai faru, sai ga shi 'yan siyasa sun kashe masa. Ina masu sauraron suka koma? Wa ya gaji amanar? Gidajen rediyon FM da ke karɓar shirye-shiryen suna sake watsawa, da me suka cike gurbin? Wannan kaɗai digiri ne sukutum, kuma in aka bari shekara biyar ta wuce mutane za su manta yadda aka yi.

Sai tutar Rasha. An gan ta a Yamai bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, aka gan ta a Kano a zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024, har aka kama teloli. A taruka a nan na sha jin ana bayanin abin da kalma ɗaya, wai labaran ƙarya ne daga Mosko suka ruɗi mutane. Ban ce babu hannun Rasha a yankin Sahel ba, akwai. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yaron da ya ɗaga tutar, Rasha yake so, ko soja yake kira, ko neman abin da zai ƙona wa gwamnati rai yake yi? Ba wanda zai sani sai wanda ya zauna da shi a teburin mai shayi. Masu nazarin labaran ƙarya sun fi son ƙirga saƙonni a kwamfuta, ita ma wannan hanyar ta toshe musu: Twitter ta rufe ƙofar da take ba masu bincike kyauta a 2023, Meta ta kashe CrowdTangle, manhajar bin diddigin saƙonnin Facebook, a Agustan 2024. Mu kuwa ka sani, zancenmu a saƙon murya na WhatsApp yake yawo, wanda ba na'urar da ke tattaro shi. Wannan ma wani dalili ne da ya sa na ce ka sauke takenka.

Akwai wanda ya fi burge ni, ko da yake ban sani ba ko jininka zai haɗu da shi. A Disambar 2024 Janar Abdourahamane Tiani, shugaban mulkin sojan Nijar, ya yi hira da Hausa, ya zargi Nijeriya da haɗa baki da Faransa, Nuhu Ribadu ya mayar masa da martani da Hausa a BBC. Shugaban Nijar ya tsallake Abuja ya yi magana da mutanen Sakkwato da Katsina da harshen da suka sha a nono. Kafin nan, a Agustan 2023, lokacin da wakilan ECOWAS suka dawo ba su ga Tiani ba, Sarki Sanusi, da a lokacin ba ya kan karagar Kano, ya gan shi, tawagar malamai ƙarƙashin Shaikh Bala Lau ma ta gan shi. Ka'idojin fagen an gina su ne bisa zaton cewa jama'ar waje daban, ta gida daban. To Maraɗi da Katsina fa, wace ce waje? Sarki da malami, jami'an wace gwamnati ne? Duk wanda ya zauna ya warware wannan da kyau, ba misali zai ƙara wa littattafan Turawa ba, gyara musu ka'idar zai yi.

Haka batun addini. Ana ta rubutu a kan tallafin karatu na Fulbright da Chevening, an bar Jami'ar Musulunci ta Madina da aka kafa a 1961, da Azhar, da Ƙum, waɗanda ɗalibansu suka sauya yadda ake wa'azi a garuruwanmu fiye da duk wata cibiyar al'adu ta Turai. Ka tuna kuma rikicin allurar shan inna a Kano a 2003, wanda bai lafa ba sai a 2004 da aka kawo maganin daga Indonesiya. Sunan ƙasar da abu ya fito yana iya zama batun rai da mutuwa.

Nijeriya a matsayin mai zawarci ita ma fili ne, daga FESTAC na 1977 zuwa shirin tura ƙwararru ƙasashen waje da aka kafa a 1987, zuwa finafinan Kano da ake kallo a Agadas da Kumasi ba tare da gwamnati ta sa ko sisi ba. Batun ƙirƙirarriyar basira kuma kowa shi yake sa wa a take yanzu don ya ja kuɗi. In ba ka iya aikin kwamfuta sosai ba, ƙyale shi.

Yanzu maganar zuwa. Kada ka sayar da gonar gado don wannan digiri. Kuɗin makaranta na ɗalibin waje a nan ya wuce hankali, fagen kuma ƙarami ne, ba ya ɗaukar ma'aikata da yawa, musamman yanzu da gwamnatocin da ke ciyar da shi suke tsuke aljihu. In ba ka samu cikakken tallafi ba, irin na Commonwealth ko na jami'ar kanta, ka yi rajista a gida, ka nemi zuwan wata uku ko shida don karatu a rumbun takardu. Abin da ke nan wanda babu a gida shi ne takardun: na BBC a Caversham, na gwamnatin Birtaniya a Kew, sai na tsohuwar hukumar Amurka da ke can College Park a Amurka. Sauran rabin yana Kaduna, a rumbun tarihi na ƙasa da Gidan Arewa, da kuma bakin tsofaffin ma'aikatan rediyo da suka yi ritaya, waɗanda kullum raguwa suke yi. Kuma kada ka nemi sashen da ke ɗauke da sunan diflomasiyyar jama'a kawai, ba su da yawa. Mutum ake nema ba sashe ba, yana iya kasancewa a sashen yaɗa labarai, ko tarihi, ko nazarin Afirka.

Abu biyu da ba wanda ya gaya mini sai da na faɗa ciki. Na farko, jami'o'in nan suna bin shawarar tafiye-tafiye ta ma'aikatar harkokin wajen Birtaniya, ita kuwa ta shafa wa Nijar da wasu jihohin Arewa jan fenti. Sai ka ga kwamitin jami'a yana jan ƙafa wajen ba ka izinin zuwa yin bincike a garin da aka yanke maka cibiya. Ni sai da na yi wata biyar ina cike takardu. Ka tambayi malamin tun kafin ka karɓi gurbi. Na biyu, tunda kana da iyali: daga Janairun 2024 mai digiri na biyu na aji ba ya zuwa da mata da 'ya'ya, amma mai digirin bincike yana iya zuwa da su, in aljihu ya ɗauka.

Ka sake rubuta mini shafi biyu kacal, tambaya ɗaya, gari ɗaya ko biyu, da irin mutanen da za ka zauna da su. Kafin ka rubuta, ka je gida ranar Juma'a ka tambayi Baba wace tasha ya koma kamawa da shidan safe bayan Amurka ta yi shiru, da dalilinsa, ka rubuta amsar yadda ya faɗe ta, kada ka gyara masa Hausa. Ka gaishe shi, ka gaida Hajiya da mai ɗakinka.