Ƙwayoyin NK da masu jiƙon "ƙara garkuwar jiki"

Tambaya: Likita, ni ɗalibar koyon aikin jinya ce daga Tudun Wada, Kaduna. Mahaifiyata na fama da sankarar mama, an fara yi mata allurar kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara. Wani mai magani ya ce ta daina, wai jiƙonsa yana ninka ƙwayoyin NK na garkuwar jiki su cinye ciwon. A aji mun karanta cewa NK na kashe ƙwayoyin sankara. Ta yaya suke gane su? Hankalina a tashe yake, don kawunnaina sun fara yarda da shi.

Amsa: Allah Ya ba Mama lafiya, 'yata. Kada ta tsallake allura ko ɗaya.

Abin da aka koya muku gaskiya ne, sai dai ƙwayar NK ba ta kisa sai ta auna saƙo biyu. A jikinta akwai masu ce mata "dakata", irin su KIR da NKG2A. KIR na laluben HLA rukuni na ɗaya, shaidar da lafiyayyun ƙwayoyi ke ɗauke da ita, NKG2A kuma HLA-E, wani nau'in wannan shaidar, yake kamawa. Akwai kuma masu ce mata "kashe", irin NKG2D mai kama MICA da MICB, waɗanda ƙwaya ke fitowa da su in ta lalace ko cuta ta shige ta. Ɓangaren da ya rinjaya shi ke yanke hukunci. Tun 1986 masanin garkuwar jiki Klas Kärre na Suwidin ya nuna cewa ƙwayar da ta rasa shaidarta ita NK ke far wa.

To ina jiƙo ya shigo a nan? Kullum sai na ji wannan zance, daga lasifikar motoci a tasha har WhatsApp, kuma ya ishe ni. Sun tsinci haruffa biyu na boko suna cin kasuwa da su. Ciwon da ya girma har hannu ya taɓa shi ya riga ya san hanyar kuɓuta. Wani ciwon yakan kakkaɓe MICA ya zubar cikin jini, NKG2D ya dushe. Wani ya ƙara HLA-E, NK ta zo ta ji "dakata" ta wuce. Ko da jiƙon na ƙara yawansu, abin da mai shi bai taɓa aunawa ba, ƙara masu gadi ne a ƙofar da ɓarawo ke riƙe da katin shaida. Sai mace ta bar asibiti wata da watanni, a dawo mana da ita ciwo ya kai ƙashi, a ce likitoci sun gaza.

Maganin da ke sa NK aiki da gaske yana asibiti. Trastuzumab, wanda ake ba matan da gwaji ya nuna ƙwayoyin ciwonsu na ɗauke da furotin HER2 da yawa, yana manne wa ƙwayar sankara, NK ta kama maganin da CD16, wani maƙali da ke jikinta, ta kashe ƙwayar. Ki tambayi likitanta ko an yi wannan gwajin.

Ranar asibiti ki tafi da babban kawunku, ki ɗauki kwalbar jiƙon ki nuna. Wasu jiƙe-jiƙen na taɓa hanta da ƙoda, in kuwa gwajin jini ya nuna haka, dole a ɗage mata allurar.