Tambaya da Amsa: Ina dutsen da aka rubuta sunan kakana a Landan?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. In Allah ya yarda zan je Landan bikin kammala karatun 'yata, kuma zan yi 'yan kwanaki. Kakana na wajen uba sojan Bama ne, ya dawo gida lafiya, ya rasu ina yaro. Wani ejan a garinmu ya ce sunayen duk sojojin Najeriya na rubuce a jikin wani dutse a Landan, in na ɗauko hoton sunan kakanmu zai shigar mana da takardun diyya, har da izinin zama ga jikoki. Ya nemi kafin alƙalami mai tsoka, 'yan'uwana ma sun fara haɗa kuɗi, ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Ina wannan dutse yake? Sannan ban da fadar sarki da agogon Big Ben, waɗanne wuraren tarihi ne ya kamata in gani? Daga wani mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa albarka a karatun yarinya, kaka kuma Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. Kafin mu je ko'ina, ka kira 'yan'uwanka yau ka ce su dakata da haɗa kuɗin nan. Babu wani dutse a Landan mai ɗauke da sunayen duk sojojin Najeriya da suka yi yaƙin duniya na biyu. Wanda ya gaya maka haka ko dai bai sani ba, ko kuma ya sani yana son ya ci kuɗinku.

Akwai wurare da suka shafi kakanka, kuma sun cancanci ka taka ka je. Na farko shi ne ginin tunawa da dakarun Chindit, wata runduna ta musamman da ta yaƙi Jafanawa a Bama, a cikin lambun bakin kogin Thames, gefen ma'aikatar tsaro, tafiya kaɗan daga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Westminster. Yarima Philip ne ya buɗe shi a 1990. A samansa akwai siffar tagulla ta wata dabba mai kama da zaki da ake kira chinthe, irin wadda mutanen Bama ke girkewa a ƙofar wuraren ibadarsu, daga sunanta kuma aka samo sunan rundunar. Ka zagaya gefensa ka karanta jerin rundunonin da suka yi wannan yaƙi, za ka ga na Najeriya a ciki. Bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 ne aka ɗauka a jirgin sama a 1944, aka sauke su a dajin Bama bayan layin Jafanawa, suka riƙe sansanonin da aka kafa a can. Barikin Chindit da ke Zariya daga nan ya samo sunansa, kamar yadda barikin Myohaung da na Arakan a Legas suka samo nasu daga filayen dagar Bama. Amma ka lura da kyau: sunan bataliya za ka gani, ba sunan kowane soja ba.

Na biyu shi ne Memorial Gates, a ƙarshen titin Constitution Hill, kusa da tashar Hyde Park Corner. Ginshiƙai huɗu ne na farin dutse da Sarauniya Elizabeth ta buɗe a Nuwamba 2002, don tunawa da mutum miliyan 5 daga yankin Indiya da Afirka da Karebiyan da suka yi wa Birtaniya yaƙi a yaƙoƙin duniya biyu. Motoci na wucewa ta tsakaninsu dare da rana, masu yawon buɗe ido kuma su bi ta gefe zuwa fadar Buckingham ba su ko ɗaga kai ba. An sassaƙa sunan Indiya daban, Pakistan daban, Bangladesh daban, amma nahiyarmu gaba ɗaya kalma ɗaya aka ba ta. Ni dai wannan yana ci mini rai duk lokacin da na kai baƙi wurin. Akwai wata ƙaramar rumfa a gefe, a cikin rufinta an rubuta sunayen waɗanda suka sami lambobin jarumta mafi girma, Victoria Cross da George Cross. Su kaɗai ne aka ambata da suna.

Na uku yana Brixton, a dandalin Windrush, kudu da kogi. An buɗe shi a Yuni 2017 musamman don sojojin Afirka da Karebiyan, kuma baƙaƙen fata mazauna Birtaniya ne suka yi ta faɗi-tashi har ya tabbata. Ƙarami ne, amma shi ne aka gina da sunanmu kai tsaye.

Yanzu bari in koma kan maganar ejan, domin kusan kullum sai wani ya kawo mini irinta, kuma na gaji da ganin mutanen kirki suna sayar da gona a kanta.

Hukumar da ke kula da kaburbura da sunayen mamatan yaƙi ita ce Commonwealth War Graves Commission. Ƙa'idarta a bayyane take: tana rubuta sunan wanda ya mutu a bakin aiki tsakanin 4 ga Agusta 1914 da 31 ga Agusta 1921, ko tsakanin 3 ga Satumba 1939 da 31 ga Disamba 1947. Kakanka ya dawo da ransa, ya rayu har ka gan shi. Saboda haka sunansa ba ya cikin wannan lissafi, a Landan ko a wani gari. Hatta abokan yaƙinsa da suka kwanta dama a dajin Bama ba a ga gawarsu ba, ba a Landan aka rubuta su ba. Suna jikin ginin tunawa na Rangoon a maƙabartar Taukkyan, a ƙasar da yau ake kira Myanmar, tare da wasu kusan 27,000. Kundin wannan hukuma kuwa yana intanet kyauta. Kana zaune a Funtuwa za ka iya buga suna a wayarka ka duba, ba sai ka ba kowa ko sisi ba.

Mu ƙaddara ma sunan yana jikin dutse. Hoton dutse ba takardar shari'a ba ce. Ba ya buɗe ƙofar diyya, ba ya buɗe ƙofar biza. Bizar da ake bayarwa saboda kaka tana nan, amma sharaɗinta shi ne a ce a Birtaniya aka haifi kakan. Aikin soja a Kaduna ko Zariya ko Bama ba ya shiga cikinta ko kaɗan.

'Yan damfarar nan ba ƙarya zalla suke yi ba, shi ya sa ake yarda da su. Sukan ɗauko gaskiya su naɗe ƙaryarsu a ciki. Gaskiya ne a 2009 an ba tsofaffin sojojin Gurkha na Nepal damar zama a Birtaniya bayan doguwar gwagwarmaya. Gaskiya ne a 2013 gwamnatin Birtaniya ta biya fam miliyan 19.9 a kan ƙarar 'yan Kenya 5,228 da aka azabtar lokacin boren Mau Mau, amma wannan shari'a ce da mutanen da aka cutar suka shigar da kansu, suna raye. Gaskiya ne a 2019 an bankaɗo takardun da suka nuna kuɗin sallamar da aka ba farin soja ya kai ninki uku na wanda aka ba baƙin soja. Gaskiya ne kuma a Afrilu 2021 hukumar kaburburan ta fitar da rahoto cewa aƙalla mutum 116,000, galibi 'yan Afirka ta Gabas da Masar, da suka mutu a yaƙin duniya na farko ba a rubuta sunayensu ba, har sakataren tsaron Birtaniya na lokacin, Ben Wallace, ya nemi afuwa a majalisa. An zalunci kakanninmu, wannan ba abin musu ba ne. Amma neman afuwa daban, asusun biyan jikoki daban, kuma ba a buɗe irin wannan asusu ba. Ejan ya karanta kanun labari, ya ƙara gishiri, ya zo ya same ku da zafin zaluncin da aka yi wa tsohonku, ya mai da shi jarinsa.

Taimakon da ake da shi na gaske ta hannun wata ƙungiyar agaji yake zuwa, Royal Commonwealth Ex-Services League, wadda ke aiki da ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion. Tallafi ne ga tsohon sojan da ke raye cikin buƙata, ko matar da ya mutu ya bari. Ba gado ba ne da za a raba wa jikoki. Idan akwai matar kakanka da ke raye, ofishin Legion na jiharku za ku je, da ƙafarku.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ba asarar kuɗin ba ce. Irin waɗannan mutane sukan haɗa takardun bogi su cusa cikin fam ɗin biza da sunanka. Ranar da aka gano, ba ejan za a kama ba, kai za a rubuta a matsayin wanda ya yi yaudara, kuma hukuncin na iya kaiwa hana ka shiga ƙasar har shekara 10. Wani kuma a ce masa ya zauna kawai bayan bizarsa ta ƙare, wai ana kan duba takardun kaka. Bizar ziyara ba ta wuce wata 6 a zama ɗaya, ba a aiki da ita, wanda ya zarce kuwa ya ɓata wa kansa suna. Kana da 'ya da ta yi karatu a can, wataƙila za ka so ka sake zuwa. Kada ka bari wani ya rufe maka wannan hanya. Ga masu wannan sana'a kuma, ku ji tsoron Allah. Mutumin da ya ɗauki kaya a ka ya ratsa kwarin Kaladan na Bama cikin ruwan sama da zazzaɓi, Turawa suka tauye masa haƙƙi yana raye, ku kuma ku zo ku ci da sunansa yana kabari? Akwai ranar da za a tsaya a yi hisabin kowane kwabo.

In kana son ka san inda ƙafar kakanka ta taka, ka ware yini guda ka je gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke unguwar Kew a Landan. Ana ba da katin shiga ɗakin karatu kyauta idan ka nuna shaidarka. A can ake ajiye littattafan da kowace bataliya ta riƙa rubuta abin da ya faru kullum a fagen daga. Ba kasafai suke ambaton ƙaramin soja da suna ba, amma za su gaya maka inda rundunarsa ta kwana a rana kaza, da wanda ta yi arangama da shi. 'Yan Afirka ta Yamma kusan 90,000 ne suka je yaƙin Bama, akasarinsu a runduna ta 81 da ta 82, kuma Hausa ce harshen bariki a tsakanin sojojin Najeriya.

Sauran wuraren da ka tambaya, ga waɗanda nake kai mutanena. A lambun da ginin Chindit yake akwai mutum-mutumin Janar Gordon, wanda dakarun Mahadi suka kashe a Khartum a Janairu 1885. Ka ci gaba da bin bakin kogi zuwa tashar Embankment, za ka iske ɗan ƙaramin gunkin soja a kan raƙumi, na 1921, don rundunar raƙuma da ta yi yaƙi a Masar da Sina'i da Falasɗinu. A bayan majalisar dokoki kuma, cikin lambun Victoria Tower, akwai wata rumfar famfo mai ado da ake kira Buxton Memorial, wadda aka gina don tunawa da 'yanta bayi a daular Birtaniya a 1834. Thomas Fowell Buxton, wanda rumfar ke ɗauke da sunansa, shi ne ya tsaya har aka tura ayarin jiragen ruwa kogin Kwara a 1841, ayarin da ya haɗa da Samuel Ajayi Crowther da James Schön, wanda daga baya ya duƙufa kan rubuta Hausa da boko. Akwai shirin yin gini a wannan lambu, don haka ka tambaya ko a buɗe yake kafin ka je.

Wurin da na fi so a duk birnin shi ne Postman's Park, ɗan lambu a bayan majami'ar St Paul's. A ƙarƙashin wata rumfa an liƙa alluna 54 na tangaran a bango, kowanne da labarin talakan da ya rasa ransa wajen ceton wani. Mai zane George Frederic Watts ne ya kawo shawarar, aka buɗe a 1900. Akwai allon Alice Ayres, budurwar da ta fitar da yara uku daga gidan da ke cin wuta a 1885, ita kuma ta rasu. Akwai na ma'aikatan jirgin ƙasa, da 'yan sanda, da ƙananan yara da suka faɗa ruwa don su tsamo 'yan'uwansu. Babu janar, babu basarake. Ka ba shi lokaci ka karanta su ɗaya bayan ɗaya.

Idan jami'ar 'yarka tana unguwar Bloomsbury, ku leƙa dandalin Gordon Square ku ga siffar Noor Inayat Khan, Musulma mai aikin aika saƙon sirri ta rediyo a Faransa, wadda 'yan Nazi suka kashe a sansanin Dachau a Satumba 1944. An kafa ta a 2012. Sai kuma Tower Hill, daura da tsohuwar ganuwar Tower of London, inda aka zana sunayen ma'aikatan jiragen ruwa na kasuwanci kusan 36,000 da teku ta zama kabarinsu a yaƙoƙin biyu. An jera su jirgi-jirgi, kuma a cikin jiragen da ke zirga-zirga zuwa Legas da Fritawun akwai 'yan Afirka ta Yamma. Daga nan masallacin East London da ke Whitechapel bai da nisa a ƙafa, sai ka yi azahar a can.

Duk waɗannan da na lissafa ba a biyan kuɗin shiga. Kafin ka taso, ka sa a bincika akwatin tsohon a gida: takardar sallama, ko katin fansho, ko wani tsohon hoto mai rubutu a baya. Lambar aikinsa da sunan bataliyarsa su ne abin da za ka buƙata a Kew. Ka kuma zauna da goggonninka da baffanninka da suka ji labarin Bama daga bakinsa, ka naɗi muryarsu a waya, ka rubuta sunayen garuruwan da suka tuna yana ambata, ka zo da su.