Tarakta na rawar jiki da sassafe

Malam, ka ce taraktarka na kakkarwa da farin hayaƙi idan ka tayar da ita da asuba, sai ta yi zafi ta daidaita. Injin dizal ba shi da fulogi, zafin matsewar iska ne ke kunna man. Da sanyin hunturu ƙarfen silinda ke shanye zafin, man ya fita bai ƙone ba, shi ne farin hayaƙin.

Fara da duba hita, wato na'urar da ke ɗumama iskar injin kafin ya tashi, don ta kan mutu ba a sani ba. Sannan ka duba ko iska na shiga bututun mai cikin dare, ka zubar da ruwan ƙasan filta, musamman in man bumburutu kake sha. In abin ya ƙi, bakanike ya gwada nozul (mai fesa mai cikin silinda) da ringin fistin. Kada ka taka totur tana sanyi.