Ɗinkin da kike ma kanki zai iya zama sana'a, amma kar ki yi gaggawar kama shago

Wata 'yar uwa daga Tawa ta rubuto min, ta ce tana saida atamfa da shadda a gida, shekara 3 ke nan kuma ita ke ɗinka kayanta da na ɗiyanta da keken ƙafa, yanzu duk bikin da ta je sai mata sun tambaye ta wane tela ya yi mata. Ta kwashi adashe jikka 150, tana tambaya ta kama shago ta sayi mashin na kuran, ko ko ta ƙara atamfa.

To ƙanwata, Allah ya sa albarka a hannun nan naki. Wallahi na san daɗin da kike faɗi, ka shimfiɗa turmi a tabarma ka tsaya kana kallon yadda zanen ya tafi, kana tunanin inda furen zai zauna, a ƙirji ko a bakin hannu, kafin ma almakashi ya taɓa shi. Sannan rigar ta fito daidai jikinki, ba wanda ya ce miki ki dawo jibi. Wannan idon na zaɓen yayi shi ne jarinki na gaskiya, ya fi jikka 150 ɗin nan nesa ba kusa ba, kuma shi matan suka gani.

Amma ɗinka ma kai daban, ɗinka ma mutane daban. In kin ɓata naki sai ki yi dariya ki maida shi rigar yarinya. Ranar da kika ɓata shaddar amarya kuwa biya za ki yi, kuma magana ta zaga unguwa kafin magariba. Shi ya sa ban goyi bayan shago yanzu ba. Kuɗin haya wata wata ne ko an kawo ɗinki ko ba a kawo ba, ga kuɗin kuran, ga patanti, wato harajin sana'a, alhali aikin tela lokaci gare shi: azumi zuwa ƙaramar salla, sai layya, sai atamfar 13 ga Mayu ta ranar matan Nijar, sai ankon biki. Tsakaninsu akwai watannin da keke ke kwana a rufe. Kuma ke kin san yadda wuta ke yi mana lokacin zafi, wanda ke da keken ƙafa da dutsen guga na gawayi shi ke cika alkawari.

Ni abin da nike gani, ki haɗa sana'o'in biyu wuri guda. Ke ce mai atamfar, to ki saida ta a ɗinke. Turmi yadi 6 ne, zane uku, babbar mace ke cinye shi duka da riga da zane da kallabi, amma in kin yanka shi kayan yara zai ba ki riguna da yawa, ribar yadi taki, kuɗin ɗinki naki, har ƙyallayen da suka rage su zama ɗan kwali ko jakar hannu. Cikin kuɗin nan ki ware kamar kashi biyu cikin uku ki ƙara kaya masu tafiya, sauran ki kai keken a gyara miki shi sosai, ki sayi almakashi mai kyau wanda ba mai taɓa shi sai ke, zare, zip, maɓalli, shafi, kuma ki bar wani abu a ajiye. Surfani da sauran aikin da sai babban mashin, ki kai ma masu shi ki biya, ki sa cikin farashi.

Sai maganar da ta fi damuna, farashi. Masu fara ɗinki daga gida kusan duk nan suke faɗuwa, saboda sun saba yi ma kansu kyauta sai su ji kunyar sa ma lokacinsu kuɗi. Ki samu kaye guda, kowace riga ki rubuta abin da ta ci na zare da shafi da gawayi, da awa nawa kika zauna kanta. In kin wuni biyu kan riga aka ba ki jikka guda da rabi, ki cire kayan aiki ki ga abin da ya rage, sai ki gane ko saida zane biyu bai fi miki ba. Kuma rabin kuɗi tun ranar awo, ko da ɗiyar gwaggo ce, ki faɗa da murmushi amma ki faɗa. Awon kowa a rubuce da kwanan wata. Ana saura kwana 10 salla ki daina karɓa.

Kar ki raina inda abin zai iya kaiwa, Alphadi, sanannen mai tsara tufafi ɗan Nijar, ya tara masu ɗinkin Afirka a hamadar Agadas a 1998 ya buɗe FIMA, bikin nuna kayan yayi na Afirka, da allura da zare aka san Nijar a wannan fagen. Ke dai ki bi salla biyu a haka, in kayen ya nuna kina maida aiki baya don ya fi ƙarfinki, lokacin ne za mu yi maganar mashin na kuran da yarinyar da za ta kama miki. Kuma don Allah ko aiki ya yi yawa, duk wata ki ɗinka ma kanki sabon yayi guda ki sa ki fita da shi, a jikinki suka fara gani suka tambaya.