Ni Katolika, shi Hindu: wane ɗaurin aure doka ta sani?

Tambaya: Barista, barka da aiki. Ni 'yar Katolika ce daga Kudancin Kaduna, ina aiki a Kano. Wanda zan aura Ba'indiye ne mai bin addinin Hindu, injiniya a wani kamfani a Sharaɗa. Iyayena sun ce sai a coci. Mahaifiyarsa kuma, da za ta taso tun daga jihar Gujarat ta Indiya, ta ce ita ba ta san aure ba sai an zaga wuta. Mun shirya yin duka biyun a mako guda. Wanne doka za ta karɓa?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya sanya alheri. Biki kam ku yi iya son ranku, amma ɗaurin aure ɗaya ne zai tsaya miki a gaban alƙali, kuma ba na gaban wuta ba ne.

A wurin surukarki, aure yana ƙulluwa ne idan ango da amarya sun yi taku bakwai a gaban wuta, abin da suke kira saptapadi. Dokar Auren Hindu ta Indiya ta 1955 ta amince da haka, amma tsakanin Hindu da Hindu kaɗai. A 2008 Kotun Ƙolin Indiya ta yanke cewa auren Kirista da Hindu da aka ɗaura bisa wannan doka ba aure ba ne. To ko a garinsu kuka zaga wutar, muddin kina Kirista, hotuna kawai za ki tsira da su.

A nan gida Dokar Aure ta ƙasa ce madogararki. Ɗayanku zai kai sanarwa ofishin rajistar aure, a liƙa ta kwana 21. In ba wanda ya kawo ƙorafi, magatakarda ya ba ku takardar izini, kuma dole a ɗaura cikin wata uku daga ranar sanarwar. Da wannan takarda za ku je wurin Fada, wato limamin coci, a cocin da ke da lasisin ɗaura aure, da shaidu biyu, ƙofa a buɗe, tsakanin ƙarfe 8 na safe da 6 na yamma. A nan mutane da yawa ke tuntuɓe. An sa farar riga, an yanka kek, mawaƙa sun raira, amma ba takardar magatakarda, sai ranar rigima a gano albarka kawai aka sa musu. Ki tambayi Fada kai tsaye ko cocin na da lasisi, ba rashin kunya ba ne.

Ita ma coci tana da nata sharuɗɗa. Tunda angon bai yi baftisma ba, sai Bishop ya ba da izini na musamman, in ba haka ba auren bai ɗauru ba a idonta. Ke za ki yi alkawarin riƙe bangaskiyarki da yin iya ƙoƙarinki yara su samu baftisma, shi kuma a sanar da shi. Ba a ce ya bar addininsa ba.

Shirinku na yin duka biyun ne ke da gyara. Sashe na 1127 na dokar coci ya hana a sake wani ɗaurin aure na addini, kafin na coci ko bayansa, inda za ku sake furta amincewa da juna. Lalle, shafa kurkum, rataya wa juna furanni, saka tufar sari da girke-girken Gujarat duk ba su cika zama matsala ba. Katolikan jihar Kerala ta Indiya ma a cikin coci ango ke ɗaura wa amarya abin wuyan aure irin na al'adarsu. Zaga wuta da malamin Hindu yana karatu ne abin da sai kun zauna da Fada tun wata uku ko huɗu kafin rana, ku ji abin da Bishop zai lamunta. In surukarki ta kafe, akwai damar roƙon Bishop ya yafe muku tsarin coci, a ɗaura a ofishin rajista. Ikon bayarwa ko hanawa nasa ne.

Kafin komai, ki sa angon ya kawo takardar rantsuwa cewa ba shi da mata a Indiya. Auren doka na mace ɗaya ne, in akwai wata a can naki ya rushe tun daga tushe. Na fi damuwa da wannan takarda fiye da duk rigimar wutar.

Sai batun ƙasa. Tsarin mulkin 1999 ya ba matar ɗan Najeriya damar zama 'yar ƙasa ta rajista, bai ba mijin 'yar Najeriya ba, don haka auren kaɗai ba zai mai da shi ɗan ƙasa ba. Yaranku 'yan Najeriya ne ta wajenki. Indiya kuwa ba ta yarda da riƙe fasfo biyu ba, sai ku zaɓa musu ɗaya tun suna jarirai. Ke kuma, bayan shekara biyu da rajistar auren, kina iya neman katin OCI na shiga da zama a Indiya, kuma takardar auren ta gwamnati za su nema, ba katin gayyata ba. Ki adana ta asali a hannunki, ki ba shi kwafi.