Tambaya da Amsa: Kowace Magana da Aikinta

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da albasa a Kusuri ta Kamaru, nakan kuma tsallaka gadar Ngeli in kai kaya Njamena ta Chadi. Kwanaki wani saurayi ya taya mini kaya "dubu uku", na sallama. Da aka zo biya sai ya miƙo sefa 3,000, ni kuwa da dala nake lissafi, wato 15,000. Wa ke da gaskiya? Kuma cinikin baki yana da ƙarfi a shari'a? Daga wani ɗan kasuwa, Kusuri.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Babu maƙaryaci a cikinku. Lamba ɗaya kuka furta, amma kowa da ma'auninsa a zuci. A yankin nan kuɗin ɗaya ne, ƙirgar ce ta kasu uku. Bahaushe da dala yake ƙirga, dala ɗaya sefa 5: dala ashirin 100 ke nan, dala ɗari 500, dala ɗari biyu jaka guda, wato 1,000. Mai Larabcin Chadi da riyal yake ƙirga, shi ma sefa 5 ne, don haka "miya" a bakinsa 500 ce. Wanda ya yi boko da Faransanci kuwa lambar da ke jikin takardar kuɗin yake faɗa. Da zarar ya faɗe ta da Hausa, ninki biyar ya shiga tsakaninku. Tun da ba ku haɗu a kan farashi ɗaya ba, cinikin bai ƙullu ba: ko a sake shi daga farko, ko kaya ya koma wurin mai shi.

Maganar kasuwa hawa-hawa ce, kuma kowane hawa da aikinsa. Gaisuwa tana buɗe hanya. Sa wa kaya suna da tayi gwajin juna ne, ba su ɗaure kowa. "Albarka" ƙin tayi ne cikin ladabi, kodayake baƙon Hausa kan ɗauka yarda aka yi. Kalmar da ke ɗaurewa ita ce "na sallama". Saboda haka kada ta fito sai ka maimaita abu biyar da ƙarfi: kuɗin da jaka ("jaka goma sha biyar", domin jaka ba ta da fuska biyu), yawan buhuna, wanda zai biya dako da lodi, wanda zai ba dillali la'ada, da ranar biya. Ka sa mai saye ya maimaita da bakinsa, gyaɗa kai bai isa ba. In harshenku ya bambanta, rubuta lambar a fuskar waya ya gani.

Ta fuskar doka, Kamaru da Chadi duk suna cikin OHADA, yarjejeniyar dokokin kasuwanci da aka sa wa hannu a 1993. A ƙarƙashinta, cinikin kaya tsakanin 'yan kasuwa yana inganta da baki ko a rubuce, kuma ana iya kafa hujjarsa ta kowace hanya. Wahalar tana wurin kawo hujjar ranar da gardama ta tashi, shi ya sa muke matsa wa mutane su nemi shaidu. In bashi ne, aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta yi umarni a rubuta shi, a kuma kafa shaidu. Fili da gida kuwa wata magana ce daban: a Kamaru, dokar filaye ta 1974 ta wajabta a yi cinikin filin da ke da takardar mallaka a gaban notaire, wato jami'in da doka ta ba ikon tabbatar da takardun ciniki, in ba haka ba cinikin ya ɓaci, komai yawan dattawan da suka halarta.

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce a Garwa. Majinyaci zai shigo a galabaice, in na ce "ya jiki?" sai ya ce "da sauƙi". Me ya sa mutanenmu ke ɓoye ciwo?

Amsa: Malama, ba ɓoyewa suke yi ba, gaisuwa kika yi musu suka amsa. "Ya jiki?" da "ina kwana?" siffar tambaya gare su, amma aikinsu nuna kulawa ne, amsarsu kuma a shirye take tun kafin a yi su. Haka Bafulatani zai amsa "jam" ko da zazzaɓi na kaɗa shi. Akwai kuma tarbiyyar godiya ga Allah da ke hana mutum fara magana da koke, kuma abu ne mai kyau da bai kamata a raina ba.

Ki bar gaisuwar ta kai ƙarshenta, ba ta wuce minti ɗaya. Sannan ki sauya salo a fili: "To Baba, yanzu sai mu zo ga abin da ya kawo ka." Daga nan ki yi tambayoyin da "da sauƙi" ba ta iya amsa su: nuna mini wurin da yatsa, yau kwana nawa, sau nawa ka yi amai tun jiya, wane magani ka sha, na kanti ko na gargajiya. Matan aure da yawa ba za su ambaci ciwon mara ko zubar jini a gaban suruka ko miji ba, don haka ki nemi 'yan rakiya su ɗan jira a waje. In za ki faɗi yadda za a sha magani, ki ɗaura shi a kan lokutan salla, kamar bayan Asuba da bayan Magariba, ki kuma ce ya maimaita miki.

Tambaya: Saƙon murya na WhatsApp zai iya maye gurbin zuwa gaisuwar mutuwa ko neman aure? Daga wata mai karatu, Marwa.

Amsa: Wajen isar da labari, ya fi ɗan aike, domin ba ya ragi ba ya ƙari: ranar ɗaurin aure, wurin jana'iza, adadin kaya. Amma ta'aziyya da neman aure ba labari ake kaiwa ba, girmamawa ce, kuma takawar ƙafa tana cikin saƙon. In nisa ya hana, Hajiya, ki kira kai tsaye a ji muryarki ana amsa miki, sannan ki wakilta wani babba na gida ya je a madadinki kafin a tashi daga zaman makoki.